Na ƙona rediyon motar Yayana, shin makunni zai raba wannan gardama?

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 26, ina zaune a Kurna. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, yana da shago a Kantin Kwari, yana kuma da mota Golf mai dogon baya. Ni nake kai masa yara makaranta in ɗauko su. Da ya ga zaman banza ya yi mini yawa sai ya ce Asabar da Lahadi in riƙa neman na kaina da motar. Na fara tallan turare da sabulu, wani lokaci kuma a ɗauke ni shelar saukar karatu a unguwanni. Na sayi amfilifaya ta hannu mai wurin makirfo da memori, amma kuɗin lasifika ya gagare ni. Yaya kuwa yana da manyan sifikoki biyu a bayan motar, da su yake jin tafsiri da labarai. Wani abokina da ya ɗan zauna a gareji ya ce ba sai na sayi komai ba. Ya jona wayoyin amfilifayata a kan wayoyin sifikokin, ya ce in dai ba a kunna biyun lokaci guda ba, lafiya lau. Ban gaya wa Yaya ba. Tun a satin farko na lura rediyon yana zafi, muryarsa ta dushe, na yi shiru. Ran nan ina gwada makirfo, ɗan Yaya mai shekara 7 ya shiga gaba ya danna rediyon. Hayaƙi ya tashi, rediyon ya mutu. Na daka wa yaron tsawa har ya yi kuka, uwarsa tana ji. Yaya ya kai motar wajen mai wayarin ɗinsa, aka nuna masa wayoyin da muka ƙara. Ya karɓi makulli, ya ce, “Ba rediyon ne ya dame ni ba.” Yau sati uku gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, matarsa kuwa ko gaisuwar da ƙyar. Hajiyarmu ta sa baki, ya ce zai duba. Yanzu abokina ya ce a sa ɗan makunni a wayar fositif kawai, a haɗe negetif ɗin duka wuri ɗaya, ba mai sake ƙonewa. Malam, gaskiya ne makunni zai iya raba sifika tsakanin rediyo da amfilifaya? Yaya ake jona shi? Shin in sa abokina ya biya rediyon? Kuma ta ina zan ɓullo wa Yaya? Wannan tallan shi ne abincina.

Daga wani matashi, Kurna, Kano.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ji daɗin wasiƙarka saboda ba ka wanke kanka ba. Ka faɗi cewa ka ga rediyon yana zafi ka yi shiru, ka faɗi tsawar da ka daka wa yaro, alhali da ka so da ka bar su ban sani ba. Mai iya rubuta wannan zai iya faɗinsa a gaban Yayansa, kuma can za mu ƙare. Amsar tambayarka ta farko ita ce e, makunni yana raba sifika tsakanin amfilifaya biyu, masu haɗa sauti suna yi kullum. Sai dai ba irin wanda abokinka ya siffanta ba, wannan zai sake ƙona muku wani rediyon. Kuma ko na ƙwarai ne, ba za ka sa shi a motar nan ba sai da bakin mai ita.

Bari in fara da yaron, domin shi ne ya fi kowa cutuwa kuma shi ne bai da bakin kare kansa. Ba shi ya ƙona rediyon ba. Rediyon mota yana da ƙaramar amfilifaya a cikinsa, ita ke tura sauti ta wayoyin sifika. Taka ma turawa take yi. Da aka ɗaure bakin wannan da bakin waccan, duk lokacin da ka kunna taka, wutar da take fitarwa ba sifika kaɗai take shiga ba, tana komawa da baya cikin rediyon ko da a kashe yake. In kuma rediyon ne ke aiki, yana tura sifika yana kuma tura cikin amfilifayarka, kamar jakin da aka ɗora wa kaya biyu. Zafin nan da ka ji da dushewar murya, kukan da yake yi ke nan. Maganar “kada a kunna biyun tare” ba ta hana wannan, domin kashe na'ura ba ya cire wayarta daga jikin ɗayar. Yaron ya zo ne a kan gaɓa. Da bai danna ba, da wata rana kai da kanka za ka ga hayaƙin nan kana tsakiyar shela a Rijiyar Lemo.

Don haka kafin ka nemi Yaya, ka nemi ɗansa. Ka durƙusa daidai tsayinsa ka ce masa, “Ba kai ka ɓata ba, ni na yi kuskure, ka yafe mini.” Ɗan shekara 7 yana riƙe irin wannan a ransa fiye da yadda manya suke zato, kuma kai ne Baffan da yake shiga motarsa kullum da safe. Ka yi haka a gaban mahaifiyarsa, sannan ka juya ka ba ta haƙuri ita ma, ba tare da ka kawo wani dalili ba. Fushinta ba na rediyo ba ne. Ta ji an ɗora wa ɗanta laifin da ba nasa ba, daga baya kuma ta ji asalin abin da ya faru daga bakin mijinta, ba daga bakinka ba.

Shi kuma Yaya ai ya riga ya gaya maka inda ke masa ciwo. Ka tsaya a inda yake tsaye. Ya ba ka mota, ya ba ka ’ya’yansa, ya ƙara maka da kwana biyu a sati ba tare da ya nemi kwabo ba. Sai ga shi a gareji, bare yana ɗaga kafet yana nuna masa wayoyin da bai san da su ba. Akwai kunya a cikin wannan. Akwai kuma tsoro, domin wayar da aka jawo daga batir ba fis tana iya gogar ƙarfe ta kama da wuta, kuma a kujerar baya yaransa suke zama. Ba ka faɗa mini ko abokinka ya sa fis ba, amma wanda ya haɗa bakin amfilifaya biyu, ina shakkar ya tuna da shi. Ban ga zalunci a karɓar makullin da ya yi ba. Abin da na gani mai kyau shi ne bai ce ka bar masa gida ba, bai kuma rufe ƙofa da Hajiya ta yi magana ba. “Zan duba” a bakin babban wa, jira ne yake yi ya ga abin da za ka yi. Kai ma ba na raina halin da ka shiga. Rashin kuɗin lasifika ne ya tura ka, ba mugunta ba, kuma na san yadda matashi ke jin nauyin komawa wajen wanda ya riga ya yi masa alheri ya sake cewa a ƙara. Amma motar amana ce a hannunka, wanda aka ba aro kuma ba ya sauya wa abu kama sai ya tambaya.

Batun abokinka gajere ne. Kada ka sa shi biya. Bai karɓi kuɗinka a matsayin gwani ba, taimako ya yi da ɗan abin da ya sani, kai kuma ka amince, kai ne kuma ka ga alamar matsala ka ƙyale. Biyan rediyon a wuyanka yake. In shi da kansa ya kawo gudummawa, ka karɓa ka gode. Ka ci gaba da abota da shi, amma kada ya sake taɓa wayar motar nan, kuma ka gaya masa dalili cikin mutunci don kada ya je ya yi wa wani.

Ga dalilin. A fitilar mota ko hon, wayar negetif jikin bodi take komawa, shi ya sa wanda ya koyi wayarin sama-sama yake ɗauka duk negetif ɗaya ne. A sifikar rediyon mota ba haka ba ne. Kusan duk rediyoyin yanzu suna tura sifika ne ta ƙafa biyu, ɗaya na turawa ɗaya na ja, don su samu ƙarfi daga batir mai bolt 12 kacal. Wayar da aka rubuta wa alamar ragewa ita ma wuta ce da ita. In ka sa mitar auna wuta tsakaninta da bodi rediyo na kunne, za ka ga wajen rabin wutar batir, bolt 6 zuwa 7. Ka haɗa ta da bodi, ko da negetif ɗin ɗaya sifikar, ko da na wata amfilifaya, ka haɗa wuta ke nan. Shawarar abokinka ta yanke ƙafa ɗaya ta bar ɗaya a ɗaure. Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce kowace sifika wayoyinta biyu ne, kuma dukansu biyun makunni zai ɗauke daga wannan ya miƙa wa wancan.

Makunnin da ke yin wannan ga sifika ɗaya shi ne mai ƙafa 6, layi biyu, kowane layi ƙafa uku. A jikinsa ko a kwalinsa za ka ga an rubuta DPDT. Ƙafafun tsakiya guda biyu na sifika ne, fositif da negetif. Biyun gefe ɗaya na rediyo, biyun ɗaya gefen na amfilifaya. Nan ne mutane ke yin kuskuren da ke cinye musu kaya, su sa amfilifaya a tsakiya. Sifika ce ake rabawa, ita ce a tsakiya. Tunda sifikokin Yaya biyu ne, wayoyi huɗu ke nan, kana buƙatar mai ƙafa 12, wanda ake rubuta wa 4PDT. Za a iya sa masu ƙafa 6 guda biyu, amma ban so ba, domin wata rana za a juya ɗaya a manta ɗaya. Ka nemi wanda yake da tsayawa a tsakiya, wato rediyo, kashe, amfilifaya. Wannan tsayawar tana tabbatar da ya saki ɗaya gaba ɗaya kafin ya kama ɗayan. Masu kayan lantarki na Sabon Gari, musamman wajen titin Faransa, su za ka tambaya, ka kuma tafi da mai wayarin ko kuwa ka riƙe mita.

Kada ka sayi ɗan mitsitsin nan na gyaran rediyon hannu. Lissafinsa ba wuya. Sifikar mota yawanci om 4 ce, om kuwa shi ne ma'aunin yadda take tare wuta. In amfilifaya ta ba ta wat 100 na gaskiya, wutar da ke bi ta wayar amfiya 5 ce. In wat 50 ne, amfiya 3 da rabi. Ka nemi makunnin da aka rubuta wa amfiya 10 ko fiye, don ƙafafunsa su jure zafin Afrilu na Kano, lokacin da ake kai digiri 40 a waje, cikin motar da aka rufe kuwa ya wuce haka nesa. Wayoyin a liƙe su da dalma ko a matse su da kan waya na ƙarfe, a rufe kowace ƙafa. Murɗa waya da hannu a naɗe da baƙin tef ba ya daɗewa, gam ɗin yana narkewa da zafi, ramukan hanya su ƙarasa sauran.

In rediyon na kasuwa ne, ba wanda ya zo da motar daga kamfani ba, launin wayoyinsa zai taimake ka. Kore na sifikar baya ta hagu ne, shunayya na ta baya ta dama, fari na gaba hagu, toka-toka na gaba dama, kuma a kowane launi mai baƙin zane shi ne negetif. Kore da shunayya su ne naku. Ana yanke su, ɓangaren da ya fito daga rediyo ya tafi ƙafafun gefe, ɓangaren da ya nufi sifika ya tafi tsakiya.

Akwai wani tarko da ya shafe ka kai tsaye. Yawancin amfilifayoyin shela baki ɗaya gare su, ba hagu da dama. To yaya za ka ba sifika biyu? In ka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, fositif da fositif, negetif da negetif, om 4 biyu sun koma om 2, kuma amfilifaya da yawa ba sa jure wannan, sai su yi zafi su mutu. In ka jera su, negetif ɗin ta farko ya shiga fositif ɗin ta biyu, sun zama om 8, wanda ya fi sauƙi a kanta ko da ƙarar ta ɗan ragu. Ko wanne aka zaɓa, haɗin a ƙafafun gefen amfilifaya za a yi shi, ba a tsakiya ba, ba kuma a jikin sifikokin ba. In aka yi shi a wajen sifika, ranar da aka juya makunni zuwa rediyo an haɗe masa hagunsa da damansa, mun koma gidan jiya. Sannan ka juya bayan amfilifayarka ka karanta. Irin na masallatai da shela, kamar na kamfanin Ahuja, suna da ƙafafu da aka rubuta wa COM, 4, 8, 16, wasu kuma har da 70V ko 100V. Waɗannan na ƙarshe na lasifikoki masu taransifoma ne da ake jerawa a nesa. Ka ba sifikar mota wannan layin, ka gasa ta. Irin wannan amfilifaya kuma ba a barin ta tana aiki da ƙara alhali ba sifika a jikinta, don haka ka rage murya, ka kashe ta, sannan ka juya makunni. Wannan ɗabi'ar ka riƙe ta ko da wace iri ce.

Wasu masu wayarin za su ce a yi da rile, wato makunnin da wuta ke juyawa ba hannu ba, irin mai ƙafa 5 da ake sa wa fitila da hon, wanda kasuwar Ƙofar Ruwa cike take da shi. Yana yi, yana kuma da wani amfani da nake so. Ƙafa mai lamba 30 ta tafi sifika, 87a ta tafi rediyon Yaya, 87 ta tafi amfilifayarka, 85 da 86 kuma su ne na wutar da ke jan sa. In ba a ba shi wuta ba, 30 tana manne da 87a, wato motar tana nan yadda Yaya ya san ta, sai ka danna naka makunnin sannan sifikokin su dawo gare ka. Ga shi kuma wayoyin sauti ba sai sun zagayo har dashbod ba, rile ɗin na can baya kusa da sifika. Amma kowane rile waya ɗaya yake juyawa, sifika biyu sai guda 4. Dole makunni ɗaya ya ja su duka, ta kan fis, daga layin da ke samun wuta in an murɗa makulli. Kada a rataya su huɗun a kan siririyar wayar nan shuɗiya mai farin zane da ke fitowa daga rediyo, ba ta da ƙarfin ɗaukar su. A sa diyod, ɗan abin nan da ke barin wuta ta bi ta hanya ɗaya kawai, irin 1N4007 tsakanin 85 da 86, zanensa yana fuskantar fositif, don ya shanye tartsatsin da ke dawowa in an kashe. A duba zanen da ke jikin kowane rile, domin akwai masu ƙafa 5 da 87 ɗinsu biyu ne, ba su da 87a, waɗannan ba sa wannan aiki. Abin da ke sa ni ɗari-ɗari da wannan hanya shi ne in ɗaya cikin huɗun ya maƙale, sifika za ta zauna ƙafa ɗaya a rediyo ɗaya a amfilifaya. Da tsofaffin rile na tsince-tsince, gara makunni mai ƙafa 12 sabo.

Ko wanne aka sa, a cire kan batir na negetif kafin a taɓa waya. In an gama, kafin a mayar da wuta, a sa mita a wurin da take ƙara in waya ta haɗu, a taɓa ƙafar rediyo da ta amfilifaya a kowane layi, a juya makunnin ko'ina. Bai kamata ta yi ƙara ba ko sau ɗaya. A gwada kowace wayar sifika da bodi, nan ma shiru ake so. Wayar wutar amfilifaya kuma a sa mata fis kusa da batir, kada ya wuce santimita 45 daga kansa, domin fis ɗin da ke can baya ba ya kare doguwar wayar da ta ratsa ƙarƙashin kujeru.

Kada ka manta da sifikokin kansu, don rediyon da ya ƙone yana iya sakar musu wuta tsagwaronta kafin ya mutu. A cire wayarsu a auna. Mai om 4 lafiyayya takan nuna tsakanin 3 da 4 a mita. A danna takardarta a hankali da yatsu, in ana jin tana gogar wani abu a ciki, ta taɓu. Shi kuwa rediyon, kada ka yi saurin jefar da shi. Sau da yawa aysin sauti, wato ɗan guntun da ke ƙara sauti a cikinsa, shi kaɗai ke ƙonewa, masu gyara suna canza shi. Amma ka bar wa Yaya zaɓi tsakanin gyara da sabo. In sabo yake so kuma kuɗinka bai kai ba, ka ce za ka biya kaɗan-kaɗan, ka faɗi nawa duk sati, ka kuma cika.

Na yi maka wannan dogon bayani ne don ka tambaya, kuma don ka san abin da za ka sa wa ido in ana aikin. Amma in ra'ayina kake so, ka bar sifikokin Yaya su huta. Ba don shela aka yi su ba. An yi su ne su cika cikin mota, ba su jefa murya ƙarshen layi ba. In ka buɗe but a bakin kasuwa, dole ka ƙure murya kafin a ji ka, sa'o'i kana ƙurewa, ga rana ga ƙurar hunturu, ƙarshenta za su ƙone ko da wayarin ya yi daidai, ka sake shiga bashin Yaya. Lambar wat ɗin da ake bugawa da manyan baƙaƙe a kwali ba ita ce abin da sifika ke jurewa tsawon yini ba. Ko rediyon da aka rubuta wa wat 50 sau 4, abin da yake bayarwa na gaskiya bai cika wuce wat 20 a kowace sifika ba, da wannan sifikokin suka saba. Lasifika mai baki kamar kakaki, irin ta kan masallaci, ita aka ƙera don muryar mutum a fili. Da wat kaɗan take kai magana inda sifikar mota ba za ta kai ba da ninkinsa. Guda ɗaya mai om 8 ko 16 ta ishe ka, ka jona ta a ƙafar da ta dace da lambarta, ka rage mata bes domin ba ta son sa. Ka haɗa da batir naka daban, ko na hannu ne, a cikin akwatin katako da za ka ɗora ranar Asabar ka sauke ranar Lahadi. Ba a yanke waya ko ɗaya ba, ba ka kuma tsotse batirin motar ba. Wannan ma abin dubawa ne, batirin tayar da mota ba ya son a riƙa shanye shi injin na kashe, kuma ranar Litinin da safe yara ke jira. Kuɗin makunni mai kyau da waya da fis da ladan mai aiki, in ka tara su, ka riga ka yi nisa a kuɗin lasifika ta hannu. Kafin ka tara, masu haya da kayan sauti na biki da wa'azi suna ba da ita haya ta yini.

Akwai hanya ta uku, in wata rana Yaya da kansa ya so ƙarin sauti. A bar amfilifaya ɗaya tak a manne da sifikokin, a riƙa sauya abin da ke shiga cikinta, yau rediyo gobe makirfo. Sauya mashiga ya fi sauya mafita aminci nesa ba kusa ba, don wutar da ke wurin kaɗan ce. Amma wannan gyaran motarsa ne, shi zai nema.

In ka koma shela, don Allah ka riƙa sassauta murya in ka zo kusa da asibiti, ko makaranta, ko masallaci ana salla. Na sha ganin masu talla sun ratsa ta gaban Asibitin Murtala kamar suna filin Idi, raina yana ɓaci. Motar kuma an san ta Yayanka ce, sunansa kake yawo da shi.

Saura zuwa wajensa. Kada ka same shi a Kwari cikin abokan ciniki da yaran shago, kada kuma ka aika Hajiya ta sake roƙo, ta yi nata. Ka je gida bayan sallar Isha, ka zauna ƙasa, ka faɗi abin da ka faɗa mini da jerinsa: Yaya, na sa an taɓa maka mota ban gaya maka ba, na ga alamar matsala na ɓoye, na huce a kan yaro. Kada ka ambaci abokinka sai in ya tambaya, in ya tambaya ka ce kai ka kawo shi. Ka ajiye abin da ka tara na rediyo a gabansa ko bai kai rabi ba. Ka ce kana so mai wayarin ɗinsa, wanda shi ya yarda da shi, ya cire duk abin da kuka ƙara, ya mayar da motar yadda take, ladan aikin a kanka. A wannan zaman kada ka roƙi makulli, kada ka kawo zancen makunni. Ka roƙi abu ɗaya, ya bar ka ka ci gaba da kai yara makaranta, ko a adaidaita sahu ne. In ya yi faɗa ka saurara har ya gama, sati uku yana riƙe da shi.

In ya mayar maka da motar, to a lokacin ne za ka nuna masa akwatinka da lasifikarka, ka ce ga yadda za ka riƙa yi, ba abin da zai taɓa wayarsa. In shi ya ce a yi amfani da sifikokin baya, sai ku tafi tare wajen mai wayarin ɗin, ka karanta masa abin da na rubuta game da ƙafa 12 da gwajin mita, a yi aikin Yaya na tsaye, a nuna masa inda makunnin yake da yadda ake juya shi, a nuna wa matarsa ma tunda tana shiga motar. In kuma ya ce yara dai ka ci gaba da kai su amma talla a nemi wata hanya, ka karɓa ba tare da ɓata fuska ba. Akwatin nan yana hawa amalanke, yana hawa bayan babur mai ƙafa uku na kaya, turare da sabulu kuma ba su san a me aka kawo su ba. Ka rubuto mini bayan kun zauna, ka haɗo da abin da aka rubuta a bayan amfilifayar taka, in gaya maka lasifikar da za ta dace da ita. Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa albarka a nemanka.